Shekara Uku a Atiliyen Walda na Tawa: Abin da Ɗan Ƙanwata Ya Samu da Abin da Bai Samu Ba

Kwana biyu da yaye ɗan ƙanwata daga wurin koyon walda, wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya ce, "Mushe, ina son in kai nawa yaron inda kuka kai naku. Tsakaninka da Allah, wurin ya isa a ba shi ɗa?" Na ce masa maganar ta fi ƙarfin tsayuwa, ya same ni a gida bayan isha'i. Bayan shi mutum uku suka sake yi mini wannan tambaya, ciki har da wata baiwar Allah mai samari biyu a gabanta. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani daga watan Oktoba na 2021 zuwa farkon 2025.

Ni malamin firamare ne, shekara 22 ina riƙe da alli. Ban iya walda ba. Abin da na sani shi ne koyarwa, kuma ina gane yaron da ake koya wa sana'a da wanda aka mayar ɗan aike. Da wannan idon na riƙa leƙa wurin kusan kowane mako idan na taso daga makaranta. Sunan mai atiliyen ba zan ambata ba, domin zan faɗi alherinsa, zan kuma faɗi inda ya gaza, kuma gazawar tasa akwai ta a kusan kowace rumfar walda ta garin nan namu na Tawa. Rumfa ce ta kwano a bakin hanyar da ke fita zuwa Ƙonni, da ɗaki ɗaya na kulle kayan aiki, da fili cike da guntayen ƙarfe. Yara bakwai na tarar a ƙarƙashinsa. Shi kansa ya haura hamsin, a Abijan ya koyi aikin yana saurayi, kuma ya ce mini cinikin da ya yi lokacin gine-ginen Tahoua Sakola, bikin ranar jamhuriya da aka yi a garin nan a 2017, ne ya saya masa filin.

Yadda yaron ya kai ga wurin, labarin samarin ƙasarmu ta Adar ne da kowa ya sani. Mahaifinsa ya rasu, ya faɗi jarrabawar gama koleji, BEPC, sau biyu, da aka gama girbin 2020 ya bi abokansa bida, wato neman kuɗi a ƙasar waje. Iyayenmu Abijan suka sani, yaran yanzu kuwa Libiya da Aljeriya. Wata bakwai ya yi a Tamanraset ta Aljeriya yana ɗaukar siminti a wurin gini, sannan aka kama su, aka zuba a mota, aka sauke su a bakin iyaka, inda ake kira Point Zéro, suka taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Da leda ɗaya ya shigo gida. Bayan ya huta ya ce mini, "Kawu, a wurin ginin nan mu leburori ba wanda ya san sunanmu. Mai walda kuwa har mai ginin ke zuwa ya gaishe shi, kuma abin da yake samu a yini mu sai mun yi kwanaki." Da bakinsa ya nemi a kai shi. Wannan ya taimaka ƙwarai, domin yaran da na ga an kawo bisa tilas ba su kai damina ba suka gudu.

Inna, kakarsa, ba ta so ba. Cewa ta yi mu ba maƙera ba ne, ba mu gaji wuta da ƙarfe ba, me za a ce a dangi? Ban raina maganarta ba, don a ƙasarmu ƙira gado ce. Na ce mata, "Inna, babu gonar da aka taɓa nomewa ba da hannun maƙera a ciki ba. Kuma wanne ya fi miki, ya riƙe ƙarfe a nan kina ganinsa, ko ya sake bin sahara?" Ta yi shiru. Washegari ita ta ba da goron da za a kai.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. Mun kai goro da dabino da jika 15, aka yi fatiha a gaban manyan yaransa biyu. Babu takarda, babu sa hannu. Maigidan ya ce, "Mushe, shekara ukku nika so. In ya yi haƙuri ya tahi da sana'a. In shina gaggawa, ku tahi da abinku tun yanzu." Aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa magariba. Juma'a ce ranar hutu, domin Lahadi kasuwar Tawa ke ci, ranar ce mutanen ƙauye ke kawo karyayyen amalanken jaki da garma da ƙafar injin ban ruwa, ba a samun ko wurin zama. Kuɗin abinci dala hamsin yake ba kowane yaro, in an yi ciniki mai kyau ya kai dala ɗari. Ban da wannan babu albashi. Duk mai kai ɗansa ya sani, ci da sutura da sabulu suna wuyansa shekara biyu aƙalla.

Wata ukun farko sun ɓata mini rai. Kullum na je sai in tarar da shi yana shara, ko yana miƙe lanƙwasasshen ƙarfe da guduma, ko yana shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ko an aike shi sayen shayi. Na san wurare a garin nan da yaro ke shekara biyu a haka, sai na yi wa maigidan magana. Bai yi fushi ba. Ya ɗauko tib, bututun ƙarfen nan mai kusurwa huɗu, ya ba yaron zarto da metir, ya ce ya yanko guda goma, kowanne santimita 40. Da ya gama, maigidan ya jera su a tsaye kan tebur ya ɗora tafinsa a kai. Uku sun fi sauran tsawo, biyu bakinsu a karkace. Ya ce, "Ka gani, Mushe? Wanda bai iya yanka ba, walda ba ta gyara mai. Rami za shi yi ta cikewa da bagat, ƙofa ta hito a murɗe." Bagat shi ne siririyar sandar da ke narkewa ta haɗa ƙarfe da ƙarfe. Na yarda da shi nan take, domin ni ma ba na koya wa yaro rabawa kafin ya haddace sau.

A wata na huɗu aka fara abin da ya sa nake fifita wurin nan a kan sauran da na sani. Kowace rana bayan la'asar, ko aiki ya yi yawa, maigidan yana ware kamar awa guda ya bar wa ƙananan yaran inji. Guntayen ƙarfe da ragowar bagat ɗin da manya suka yar, su ake tarawa a gwangwani domin wannan lokacin. Da farko kunna wutar kawai ake koya: a goga bakin bagat a jikin ƙarfe kamar mai ƙyasta ashana, a ɗan ɗaga. Wanda bai saba ba sai bagat ɗin ya manne, ya yi ja, injin ya hau gurnani. Mako biyu yaronmu ya yi yana fama da wannan. Daga nan sai jan layi miƙaƙƙe a kan falle ɗaya, layi bayan layi, kamar yadda ƴan aji ɗaya ke cika shafi da zane kafin a ba su harafi. Sai haɗa biyu a kwance, sai kusurwa, sai a tsaye, wanda shi ne mai wuya domin narkakken ƙarfe ƙasa yake son zubowa.

Maigidan ba mai yawan magana ba ne. Yakan tsaya bayan yaro ya kama wuyan hannunsa su ja tare. Wani lokaci baya yake juyawa ya saurara, domin a ƙara yake gane tazarar bagat da ƙarfe. In ta yi daidai, ƙarar a jere take kamar ana suya a mai. In ta yi nisa sai ta riƙa fashe-fashe, tartsatsi ya watsu. Idan an gama, a kankare ɓawon da ya kwanta a kan waldar, sannan ya matse abin da yaron ya haɗa a eto, mamatsin ƙarfen da ke jikin tebur, ya ɗauki babbar guduma ya yi ta bugu. In ƙarfen ya lanƙwashe waldar ba ta saki ba, ya ce madalla. In ta ɓalle, sai ya tara su duka ya nuna musu cikin karayar: ga inda ɓawo ya maƙale, ga ƴan ramukan da bagat mai danshi ya bari, ga inda wuta ba ta ratsa ba, ta kwanta a sama kawai kamar an liƙa ƙullu. Yakan ce musu fenti na ruɗin mai saye, amma guduma ba a ruɗinta. Ni da nake gyaran takardun yara da jan biro, na daɗe ina neman irin gyaran da yaro zai gani da idonsa haka, ya taɓa da hannunsa.

Injuna biyu gare shi: tsoho mai nauyi da aka naɗa da hannu a nan gida, da ƙarami na zamani mai nuna lamba, wanda yaro ke ratayawa a kafaɗa ya tafi aikin waje. Bagat ɗin da suke aiki da shi kusan kullum mai lamba 6013 ne, kauri milimita 2.5 ga tib da tol, wato fallen ƙarfe, 3.2 ga korniye, ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar L, da ƙarfe mai nauyi. Akwai ƙa'idar da ake koyarwa a makarantun sana'a, a cire ɗaya daga kaurin bagat a ninka da 50, a samu ƙarfin wutar da ya dace: amfer 75 ga mai 2.5, amfer 110 ga mai 3.2. Maigidan bai yi boko ba, bai san da ita ba, amma da na duba inda yake tsayar da lambar ƙaramin injin, kusa da nan ne, sai ɗan ragin da yake yi in tol siriri ne don kada ya huje.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru a shekara ta biyu. Wata rana da dare yaron ya shigo gidana da takarda, ya ce, "Kawu, in Maigida zai daidaita kusurwar babbar ƙofa, sai ya auna 60 a wannan gefe, 80 a wancan, ya ce in tsakaninsu ya ba da 100 to kusurwa ta tsaya. Me ya sa kullum take fitowa daidai?" Na ba shi biro na ce ya buga 60 sau 60, ya buga 80 sau 80, ya haɗa. Ya samu 10,000. Na ce to buga 100 sau 100. Sai ya ɗaga kai ya dube ni. Ƙa'idar Pitagor ce, wadda aka koya masa a koleji ta ƙi zama, ga ta ta dawo masa ta hannun mutumin da bai taɓa zama a aji ba. Mun kai sha biyun dare muna lissafi. A daren ne ya bayyana mini cewa kadar, wato zagayen ƙofa, ba a yi masa walda gaba ɗaya. Ɗigo-ɗigo ake fara kama shi a kusurwoyi, a auna a gicciye daga lungu zuwa lungu a ga biyun sun zo ɗaya, sannan a cike ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe, domin ƙarfe in ya sha zafi ya huce janyewa yake yi, ya ja kadar ɗin ya karkace.

Akwai kuma gaskiyar ciniki. Tol kala-kala ne, akwai mai kauri 8 bisa 10 na milimita, akwai mai 10, da 12, da 15, kuma in an shafa fenti mai saye ba ya bambancewa sai ƙofa ta fara loɓawa. Shi farashi biyu yake faɗa wa mutum, ya sa yaro ya ɗauko guntun kowanne a taɓa. Na ga ciniki ya wuce shi saboda haka, yaran kuma suna kallo.

To, ga inda raina bai kwanta ba, kuma a nan ba zan sassauta ba.

A wata na biyar, wajen ƙarfe biyun dare, ƙanwata ta buga mini waya tana kuka: "Yaya, ka zo, idon yaron nan zai tsiyaye." Na tarar da shi zaune a tsakar gida ya rufe fuska da hannu biyu, hawaye na zuba, ya ce kamar an cika masa ido da rairayi, ko hasken tocila ba ya iya kallo. Wata maƙwabciya ta riga ta ɗiga masa madarar gwangwani. Da asuba na kai shi asibiti. Majo, ma'aikacin jinya, ya duba ya ce hasken walda ne ya ƙona saman ƙwayar idon, kuma zafin ba ya tashi sai bayan awa shida zuwa sha biyu, shi ya sa yaro ke wuni lafiya ya kwana yana ihu. Ya ba shi magani, ya ce yawanci a kwana ɗaya ko biyu ake warkewa, ya kuma hana a sake ɗiga madara ko wani abu, domin ido mai rauni saurin kamuwa da ƙwayar cuta yake yi.

Da na bincika sai na tarar mas, abin kare fuska daga hasken walda, ɗaya ne a duk atiliyen, irin na riƙewa a hannu, gilashinsa ma ya tsage. Mai walda ke riƙe da shi. Yaron da ke dafe masa ƙarfe, fuskarsa ba ta fi kamu biyu daga wutar ba, kawar da kai kawai yake yi, ko ya sa baƙin tabarau na kasuwa wanda bai isa ya tare wannan haske ba. Na saya wa namu mas mai gilashi lamba 11, da farin tabarau na gurza, da safar hannu ta fata, da rufaffen takalmi. Duka sun ci mini wajen jika 20. Sannan na je na sami maigidan. Ya ce, "Mushe, babu mai walda da ido bai kama ba. Haka munka koya, haka iyayen gidanmu sunka koya." Na ce, "Malam, gafarta mini. Kana tsaye kullum don kada ƙarfen mutane ya karye. Idon da yaran nan za su ci abinci da shi shekara arba'in fa?" Bai amsa ba ranar. Bayan kamar wata guda na ga mas biyu sababbi a rataye. Uku ke nan ga yara bakwai. An samu ci gaba, amma bai isa ba, kuma har yau in aiki ya yi zafi ajiye su ake yi.

Mel ma haka, injin nan mai faifai da ake yanka ƙarfe da gurza shi. Duka biyun an cire musu murfin kariya, wai yana hana ganin layi. Faifan yanka siriri ne, in ya maƙale ko aka murɗa shi tarwatsewa yake yi, kuma babban yaronsu na da tabo a kumatu da ke ba da shaida. Wayoyin wuta an ɗaure su da robar tayar keke, suna kwance a ƙasa har da damina. In an yi waldar bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙin zinki ke tashi, mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Maganinsu a sha madara, alhali abin da ake bukata shi ne a gurje shafen kafin a fara, a kuma yi aikin inda iska ke kaɗawa. Abu ɗaya na ga ba ya wasa da shi: duro ko tankin da aka taɓa zuba wa mai. Ba ya barin yaro ya kusance shi da wuta ko mel sai an wanke an cika shi da ruwa, domin a Abijan ya ga wanda irinsa ya fashe da shi. Da zai ɗauki ido da yatsu yadda ya ɗauki duro, da ban sami abin faɗa ba.

Shekarar 2023 ta gwada kowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, ita ce kuwa a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar, iyaka kuma ta rufe. Ƙarfe da bagat suka yi tsada. Atiliyen na da gurup, wato janareta, amma ba kowane aiki ke biyan man da zai sha ba. Darasin la'asar ya tsaya na watanni, yara biyu suka bar wurin, ɗaya ya koma kabu-kabu. Abin da na riƙe wa maigidan na alheri shi ne bai kori kowa ba, bai yanke kuɗin abinci ba, ya juya su ga aikin da ba ya bukatar wuta: lanƙwasa ƙarfen ado na tagogi, yanka tol da almakashi a yi murhu irin Mai Sauƙi, gyaran amalanke. In wuta ta zo tsakar dare a tashe su a yi walda har asuba. Sai a Maris na 2024 da aka maido da layin abubuwa suka fara daidaita, kuma wannan ne ya sa yayen ya zarce lokacin da aka yi alkawari.

Wani abin da ya makara wajen koyarwa shi ne kuɗi. Har shekara ta uku ta yi nisa yaron bai san yadda ake yanke farashin ƙofa ba, domin in mai aiki ya zo gefe maigidan ke jan shi. Na fahimci dalili, kowa na tsoron yaronsa ya buɗe rumfa a gabansa ya karya masa farashi. Amma wanda ya iya walda bai iya lissafin kaya ba, wasu zai yi wa wahala. Ni na zauna da shi da littafi: sandar tib mita 6 ce a ƙa'ida, fallen tol mita 2 da mita 1, ƙofar ɗaki nawa za ta ci, me zai rage, nawa na bagat da faifai da fenti da wuta, sannan ladan hannu.

A kuma san iyakar abin da ake koya. Ƙofofi da tagogi da gadaje da teburan makaranta da ƙafar tankin ruwa da mazaunin faifan sola, waɗannan yaro zai fita da su a hannu. Amma babu waldar argon, babu ta alminiyom ko inoks, farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ba a karanta zanen injiniya, bagat 7018 da ake manyan gine-ginen ƙarfe da shi sau ɗaya yaronmu ya gan shi. Lokacin da ake shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa ta jiharmu, samari sun yi ta mafarkin aiki a can. Irin wannan walda gwaji ake yi wa mutum, a nemi takardarsa, rumfar bakin hanya kuwa ba ta kai yaro can. Abin da aka ba namu ranar yaye shaida ce da aka buga a kwamfuta, da hatimin atiliye. A cikin gari ta wadatar, domin mai son ƙofa aikin hannunka yake dubawa. Kamfani kuwa CAP, takardar shaidar sana'a ta gwamnati, yake tambaya ko makamanciyarta. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, CFM, akwai kuma asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'a, har da tsarin da yaro ke raba lokacinsa tsakanin atiliye da aji. Da na san abin da na sani yanzu, da tun ranar farko na je na tambaya ko za a haɗa biyun. Shawarar da na ba matar nan mai samari biyu ke nan, domin ƙaramin nata na da kan karatu.

Jarrabawar fita maigidan da kansa ya zaɓa. Ƙofar gidan ƙanwata ta langa-langa ce tun zamanin marigayi mijinta. Ya ce yaron ya yi wa uwarsa ƙofa, shi kaɗai, daga awo har kafawa, ba wanda zai taɓa masa. Ni na sayi ƙarfen, tol mai 12. Kwana biyar ya yi. Ranar da aka kafa ta maigidan ya zo a kan babur, ya yi sallama, ya wuce kai tsaye ya buɗe ta ya rufe sau uku, ya sake ta a tsakiya ya ga ko za ta tafi da kanta. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin fomel, ƙarfen da take juyawa a kai, inda mel ba ya kaiwa balle a ɓoye aibi, ya shafa da yatsa. Sannan ya miƙe ya ce wa ƙanwata, "Hajiya, ɗanki ya zama mutum." Inna na zaune a kan tabarma, ita ta fara guɗa. Ranar yaye aka yi fatiha, ya ba shi guduma da ekar na auna kusurwa da mariƙin bagat. Yanzu yana nan wurinsa ana raba ladan aiki, yana tara kuɗin ƙaramin inji. Ƙofar ta ga damina guda, ba ta jan ƙasa, ba ta kuka.

Abin da na gaya wa maƙwabcina a daren nan shi ne ya kai shi. Na ce amma kada ya tura shi hannu rabbana. Ya saya masa mas da tabarau da takalmi kafin ya sayi goro, ya sa a rubuta shekarun da aka yi alkawari ko a fallen littafi ne, a gaban shaidu, ya kuma riƙa zuwa da kansa bayan la'asar ba tare da ya sanar ba, ya ga ko bagat na hannun ɗansa. Ya ce sai yaron ya taya shi noma tukuna. An gama girbi, gero ya shiga rumbu, ranar Asabar da ta wuce suka je tare. Da na bi ta wurin jiya na hango sabon mas ɗinsa rataye a ƙusa, tsintsiya jingine da tebur, ɗan ƙanwata kuma yana nuna masa yadda ake riƙe zarto.